Wata bakwai ina neman salama a Bur Sudan: yadda kowane mataki ya kasance

Ina rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa Kirista masu jin Hausa da aiki ko karatu ko aure ya riƙe a Sudan, waɗanda jikinsu ya tsira daga yaƙi amma zuciya ta ƙi kwanciya. Yaƙin ya ɓarke a Khartum ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, kwana shida bayan Istarmu, ana jajibirin ta Kibɗawa, wato Kiristocin ikilisiyar Masar, Musulmi kuma suna cikin kwanakin ƙarshe na Ramadan. Na fito ta hanyar Atbara da Hayya, tafiyar da ta kai kilomita 800, na sauka a Port Sudan, wanda mutanen nan ke kira Bur Sudan. Na samu ɗaki a gidan wasu Hausawan Sudan, jikokin maniyyatan da suka taho a ƙafa suka zauna, kuma sun riƙe ni riƙon ɗan gida duk da addininmu ba ɗaya ba ne. Amma barci ya ƙaurace mini. Ƙarar ƙofa tana sa gabana ya faɗi, kuma idan na durƙusa yin addu'a sai hotunan hanya su riƙa dawowa. Wata huɗu ina yin abin da na saba gani a gida: azumin kwana uku ba ruwa, kwanan addu'a daga sha biyun dare zuwa asuba, da buɗe Littafi Mai Tsarki duk inda hannu ya faɗa. Abin sai gaba yake yi. A watan Satumba na yanke shawarar neman fasto.

Abu na farko da mutum zai sani shi ne Lahadi ranar aiki ce a Sudan, hutun mako Juma'a da Asabar ne. Saboda haka sujadar da ta fi cika a ikilisiyar da na samu ta yamma ce, kuma ranar Lahadi ba ranar ganin fasto a keɓe ba ce. Na je sau biyu ina tsayawa a bakin ƙofa bayan an tashi, mutane suna kewaye da shi, na koma gida ban ce komai ba. Sai a zuwa na uku wani dattijon ikilisiya ya nuna mini hanya: a fara ganin magatakarda a ofis ranar Talata da safe, shi ke riƙe da littafin ganawa. Harabar majami'ar a lokacin cike take da 'yan gudun hijira, iyalai sun ɗaura zannuwa sun yi ɗakuna, don haka layin ofis ya haɗa masu neman abinci da masu cigiyar 'yan'uwa da irina. Na zauna kusan awa uku. Magatakarda ya rubuta sunana da lambar wayata, ya nemi abu uku: hoton fasfo ɗina na tafiya, katin baftisma, da wasiƙa daga ikilisiyata ta gida. Na ji zafin wannan a raina, domin na zo da ciwo ana tambayata takarda. Daga baya na gane dalili. Ganawa da fasto ba ta jiran takarda, amma kafin a ba baƙo Jibin Ubangiji ikilisiya tana son sanin cewa an yi masa baftisma kuma ba ya ƙarƙashin horo a inda ya fito. Katina ya rage a Khartum tare da sauran kayana. Na kira faston gida, ya rubuta wasiƙa a takardar ikilisiya mai hatimi, da ranar baftismata da sunan wanda ya yi, ya ɗauki hotonta ya turo ta WhatsApp. Kwana tara abin ya ɗauka saboda sai da aka binciko tsohon rajista. Na buga ta a shagon kwafi, aka karɓa ba gardama. Wani abu ya sauƙaƙa mini: ikilisiyar ta mutanen Duwatsun Nuba ce, kuma mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) da ya fara aiki a Najeriya a 1904, wanda ikilisiyata ta gida, COCIN, ta fito daga cikinsa, shi ne ya yi aiki a duwatsunsu. Da dattawa suka ga sunan COCIN a kan wasiƙa sun san gidan da na fito.

Ba a karɓi ko sisi a hannuna ba, daga ranar farko har ta ƙarshe. Abin da na kashe shi ne kuɗin raksha, wato keke napep, zuwa da dawowa, kuɗin kwafi, littafin rubutu mai shafi sittin, da kuɗin asibiti da zan zo kansa. Duk wanda ya sa maka farashi a kan addu'a, ko ya ce ka shuka iri kafin ya ɗora maka hannu, ka tashi ka bar wurin.

An ba ni rana bayan mako uku. Kafin ranar sai ka yanke shawarar harshen da za ka yi magana da shi. Larabcina na kasuwa ne, ya isa sayen ful, wato dafaffen wake, da burodi amma bai isa faɗin abin da ke cikin zuciya ba. Wani saurayi ya ce zai yi mini tafinta, na gode masa na ƙi, domin akwai abin da ba zan iya faɗa a gaban mutum na uku ba. Muka yi da Turanci, Larabci yana cike gurbi. Zaman farko ya ɗauki kamar minti arba'in, kuma bai fara da wa'azi ba. Tambayoyi ya yi: awa nawa nake barci, sau nawa nake cin abinci, kofi nawa na jabana, wato gahawar Sudan, nake sha, ƙarfe nawa nake ajiye waya, da wa nake magana a rana, ko tunanin hallaka kaina ya taɓa zuwa mini. Wannan ta ƙarshe ya yi ta kai tsaye, ya ce idan amsar e ce, ranar nan za mu tafi wurin likita tare. Da na lissafa masa azumi da kwanan addu'ar da nake yi, ya buɗe 1 Sarakuna sura 19 ya sa na karanta da kaina. Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, kuma abin da mala'ika ya fara kawo masa shi ne gurasa da tulun ruwa, ya ci ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci, sai bayan haka aka yi masa magana a Dutsen Horeb. Ya ce, "Ɗana, daga yau na dakatar da azuminka da kwanan addu'a sai na ba ka izini." Na ce, "Baba, ba raunin bangaskiya ba ne wannan?" Ya ce jikin da bai yi barci ba yana jin tsoro ko da babu abin tsoro, kuma azumi ba ruwa a zafin Bur Sudan, inda zafi ke wuce digiri 40 ga laima mai nauyi daga teku, yana sa bugun zuciya da jiri waɗanda mutum zai ɗauka harin Shaiɗan ne. Na fito raina ba daɗi, domin na zo ne a kori wani abu daga jikina aka sallame ni da umarnin cin abinci.

Mataki na biyu asibiti ne, kuma ya ce kada in dawo sai da sakamako. An auna hawan jini, an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da yawan jini. Jinina ya hau kaɗan. Likita ya ce in bar jabana da shayi daga la'asar, in ƙara ruwa, in dawo bayan wata guda. Ya gargaɗe ni kada in sayi ƙwayar barci a kemis ba tare da takardarsa ba, domin wasunsu suna kama mutum cikin 'yan makonni. Wuni ɗaya wannan ya ci mini, kuma nan ne kuɗi mafi yawa ya tafi. Ka tafi da tsabar kuɗi ko da kana da Bankak, manhajar biyan kuɗi ta banki, a waya, saboda layi yana ɗaukewa.

A zama na biyu ne fasto ya ba ni tsarin addu'a, kuma ƙanƙantarsa ta ba ni mamaki. Sau uku a rana, kamar yadda Daniyel yake yi a sura 6 aya 10, kuma kamar yadda Zabura 55:17 ta ambaci maraice da safiya da tsakar rana. Da safe minti goma sha biyar: a fara da zama shiru minti biyu ana numfashi a hankali, sai Addu'ar Ubangiji daga Matiyu 6, ana tsayawa a ƙarshen kowane roƙo, sai Zabura ɗaya, sai aya goma zuwa sha biyar daga Bisharar Markus, a ci gaba daga inda aka tsaya jiya. Ya zaɓi Markus ne don ita ce mafi gajarta, sura 16, kuma labari ne da ke tafiya, ba ya neman dogon nazari daga kan da ya gaji. Da tsakar rana minti uku kawai, ko a wurin aiki ne: aya ɗaya da aka haddace, a maimaita ta a hankali. Tawa ita ce Yahaya 14:27, inda Yesu ya ce salamarsa yake ba mu, ba irin wadda duniya ke bayarwa ba. Da dare minti goma, da littafin rubutu. A raba shafi biyu: hannun hagu abu uku na godiya daga wannan rana, hannun dama abubuwan da ke damun rai, kowanne a layi ɗaya. A karanta na daman da murya a gaban Allah, a rufe littafin, a karanta Zabura 4, a kwanta. Wannan rabon shafi daga Filibiyawa 4:6-7 ya fito, inda Bulus, yana ɗaure a kurkuku, ya ce a kai roƙo tare da godiya kafin ya yi maganar salamar da ta fi gaban fahimta. Dokoki biyu ya ƙara: ba a taɓa labarai a waya kafin addu'ar safe, kuma ba a taɓa su bayan ta dare. Kibɗawa, in ji shi, suna da littafin addu'a na lokuta bakwai a rana da suke kira Agbiya, amma wanda bai riƙe uku ba kada ya kama bakwai. Idan ka samu littafin nasu ka lura lambar Zaburarsu tana bambanta da tamu da ɗaya a yawancin wurare, ta 50 a wurinsu ita ce ta 51 a wurinmu.

Ban sa agogo ba. Mai gidanmu yana tashi sallar asuba, ƙarar butarsa ita ce ta zama lokacina na safe, kiran azahar na tsakar rana, bayan isha'i kuma na dare. Da Hajiya matarsa ta gane haka sai ta riƙa hana jikokinta buga mini ƙofa a waɗannan lokuta, tana cewa, "Ku bar Malam, yana ibada."

A nan ne yawancin mutane ke yarwa, don haka zan daɗe a kai. Makon farko yana da daɗi saboda sabon abu ne. Mako na biyu da na uku fayau suke, ba ka jin komai, kalmomi suna fita kamar ana karanta takardar magani. Na ɗauka alama ce tsarin ba ya aiki, na koma na gaya wa fasto. Ya ce ba a auna addu'a da abin da aka ji a cikinta, a duba awannin barci da yawan faɗuwar gaba a ƙarshen wata. Matsala ta biyu tunani ne da ke gudu. Maganinsa karatu da murya, ko da raɗa ce, domin ido kaɗai yana iya bin layi hankali yana Khartum, amma baki da kunne suna jawo shi ya dawo. Idan ya gudu, ba a komawa farko, a ci gaba daga inda aka farga. Ta uku rama abin da ya wuce: idan ka rasa ta safe kada ka ninka ta dare, domin da zarar addu'a ta zama bashi sai ta koma cikin jerin abubuwan da ke hana barci. Ta huɗu harshe. Da farko ina karantawa da Turanci saboda shi ke wayata, amma ranar da na koma Littafi Mai Tsarki na Hausa, harshen da mahaifiyata ta koya mini Addu'ar Ubangiji da shi, ranar na fara kuka a cikin addu'a, kuma kukan ya sauke wani abu. Ka sauke fassarar Hausa a wayarka yadda za ta buɗe ba intanet, ka kuma kwafi Zabura biyar ko shida da hannu a bayan littafinka. Da layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasar a Fabrairun 2024, ga rashin wuta da ke kashe waya, waɗannan shafuka na hannu su na riƙe. Ta biyar ita ce shafin godiya: akwai daren da za ka rasa abin rubutawa. Ka rubuta ƙarami na gaskiya, mai kura ya kawo ruwa, iska ta taso daga teku. Kada ka rubuta babban abin da ba ka ji ba.

Bayan mako shida barcina ya tashi daga awa biyu zuwa biyar, sai aka shiga mataki mafi wuya. Fasto ya canza mini Zabura zuwa na kuka: 13, 42, 77 da 88. Ta 88 ba ta ƙarewa da yabo, da duhu take ƙarewa, kuma ya ce an bar ta a cikin Littafi domin mutum ya san an yarda ya gaya wa Allah gaskiya ba tare da ya yi mata kwalliya ba. Aikin gida shi ne in rubuta tawa a kan tsarin ta 13, kashi uku: ƙorafi, roƙo, sai abin da har yanzu na dogara gare shi. A zama na uku na karanta masa, sannan ya ce in ba shi labarin fitowata daga Khartum sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, a jere. Awa ɗaya da rabi muka yi, bai katse ni ba sai don miƙo ruwa. Kada ka sa wannan zama a ranar da za ka koma aiki. Kwana biyu bayansa barci ya sake lalacewa, kuma da bai faɗa mini tun farko cewa haka za ta faru ba, da na ce an tayar mini da ciwo a banza. A kwana na huɗu ya daidaita.

Zama na huɗu, a farkon Disamba, na furta zunubi ne da gafara. A ikilisiyarmu ba a tilasta furtawa ga fasto, amma Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna, kuma akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi: mutanen da na wuce a hanya ban tsaya ba. Ya taimake ni na raba abin da yake laifina da abin da ba ni da iko a kai, domin mai irin wannan ciwo yana ɗora wa kansa duka. Na farkon muka kai gaban Allah da Zabura 51, ya karanta mini 1 Yahaya 1:9 da murya yana kiran sunana. Na biyun ya ce ba a tuba a kansa, makoki ake yi. Sai jerin waɗanda nake riƙe da su a zuci, har da mutumin da ya karɓi kuɗin motarmu ya ɓace. Ya bayyana cewa gafara ba ta nufin ka ce abin ba laifi ba ne, ba ta hana ka neman haƙƙinka, ba kuma dole ka koma hulɗa da mutumin ba. Abin da ake saki shi ne fatan ramuwa, a bar shari'a ga Allah kamar yadda Romawa 12:19 ta ce. Yadda ake yi: suna ɗaya a mako, a ambace shi a addu'ar dare, a roƙa masa abu ɗaya na alheri. Bakina ya yi nauyi a kwanakin farko. Mutumin motar ya ɗauke ni mako biyar shi kaɗai.

A cikin watan ne birnin Wad Madani ya faɗi a yaƙin, sabbin 'yan gudun hijira suka cika harabar, kuma fasto ya daina samun lokaci kamar da. Ya haɗa ni da wani dattijo da za mu riƙa haɗuwa kowace Juma'a minti talatin, ya kuma sa ni cikin masu rabon ruwa sau biyu a mako. Da farko na ga kamar an sallame ni ne. Amma wanda ya wuni shi kaɗai da tunaninsa, ko yana addu'a, kansa kawai yake kewayawa, kuma ɗaukar jarka ya ba ni gajiyar da ke kawo barci na gaskiya. A watan Janairu, da sanyi ya shigo, ya mayar mini da azumi: rana ɗaya a mako, daga safe zuwa ƙarfe uku, ana shan ruwa. Kwanan addu'a kuwa sai na ikilisiya kawai, ba ni kaɗai a ɗaki ba. Dattawa sun duba wasiƙata, aka sanar da sunana a gaban jama'a, na ci Jibin Ubangiji ranar Ista, 31 ga Maris 2024, karo na farko cikin kusan shekara guda.

Da zan sake bin hanyar, da na je tun watan farko, domin wata huɗun da na yi ina fama ni kaɗai su suka zurfafa rashin barcin. Da na ajiye hoton katin baftismata a waya da kuma wurin wani a gida. Ina kuma ganin kuskure ne babba a koya wa mutane cewa tsoro bayan yaƙi zunubi ne ko aljani, domin wannan koyarwa tana sa mai ciwo ya ɓoye, ya ƙara azumi, ya ƙara lalacewa. Fasto da likita ba kishiyoyi ba ne, kuma idan bayan wata biyu na wannan tsari barci bai motsa ba, ko tunanin mutuwa yana zuwa, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da an bar addu'a ba. Mace kuma tana iya neman a haɗa ta da matar fasto ko shugabar zumuntar mata, magatakarda ya ce ana yin haka kullum.

Tsoron bai tafi gaba ɗaya ba. Ranar Lahadi 4 ga Mayu 2025 jirage marasa matuƙa suka fara kai hari Bur Sudan, kwanaki ana ganin hayaƙin rumbunan mai daga tsakar gidanmu. Gabana ya faɗi kamar da, hannuna ya yi rawa. Da dare na ɗauko littafin, wanda yanzu shi ne na huɗu, na rubuta uku a hagu, na cika dama har ƙasan shafi, na karanta su da murya, na rufe, na karanta Zabura 4. Na yi barcin awa huɗu a kan gadon igiya a tsakar gida, har butar mai gida ta tashe ni.